Gyaɗa Bakwai a Bakin Zanena

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Barira idan takardar nan ta kai hannunku, ku natsu ku ji. Kun taso kun tarar ana cewa Alhaji Isufu, mijin ƙanwata Barira, ya saci wutar kamfani a Matameye, shi ya sa ya tattara ya koma Damagaram da kunya. To ƙarya ce. Bawan Allahn nan bai saci ko tsinken ashana ba. Ni na san yadda aka yi, don da hannuna aka yi. Da can ina cewa ba ni da hanyar faɗa, yanzu kuwa na shiga karatun manya da furfurata na iya riƙe alƙalami, uzuri ya ƙare.

Abin ya faru 'yan shekaru kafin Turawa su tafi, lokacin da gyaɗa ce sarauniya a ƙasarmu. Ina da 'ya'ya uku a lokacin. Ubanku Mato, Allah ya jiƙansa, da an zuba gero a rumbu sai ya ɗauki sandarsa ya yi Kano cin rani, ba a ƙara ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa, ya dawo da turmin atamfa ɗaya da labari buhu goma. Ni ke riƙe da gida. Sana'ata matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli. In soya, in daka, in murza har kafaɗuna su mutu, sannan in ɗora a ka in bi gida gida. Ba gidan da ban san tsakar gidansa ba a garin nan, na talaka da na mai kuɗi. Inna, uwarmu, a wurina take zaune tun rasuwar babanmu, shekara goma sha ɗaya. Idonta ya yi rauni, amma ba ta yarda ta ajiye mazari ba, kullum tana kaɗi. Da magariba nakan tsiyayi man da ya kamata in sayar in zuba mata a fitilar aci-balbal, in gyara lagwani, in ajiye kusa da ita. Ban taɓa fashi ba, ko ran da ciniki ya ƙi.

Ni ce 'yar fari. Kun san al'adar mutanen da, uwa tana kunyar 'yar fari, ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta zama su yi wasa da dariya. Ni a bakin Inna sunana "ke" ko "waccan". Barira kuwa auta ce. Ita ake kira Bariratu da jan murya, ita ake ajiye wa ƙanzo, ita ake tambaya ko ta kwana lafiya. Kowa ya ce mini al'ada ce, ba ƙi ba ne. Na sani. Amma sanin al'ada bai taɓa cika wa mutum ciki ba.

Barira ta auri Alhaji Isufu, ɗan gidan 'yan kasuwar Damagaram, wanda ubansa ya turo Matameye ya riƙa saya wa wani kamfanin Turawa gyaɗa. Mu Gidan Kwano muke ce wa kamfanin, don su suka fara rufin kwano a wajenmu. Kafin kaka sukan ba irin su Alhaji kuɗi a hannu, su kuma su bi manoma su saya su kawo sikeli. Duk harkar amana ce, in Bature ya daina yarda da kai, ka tashi. Ba zan rage wa Alhaji komai ba, mutum ne mai kunya. In ya gan ni a hanya sai ya cire takalmi ya rusuna, ya ce, "Yaya, an wuni lafiya?" Ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba.

A Gidan Kwano akwai wani ƙaton inji mai ba da wuta. Da Bature ya ga wutar ta fi ƙarfin gidansa, sai ya sa aka kafa itatuwa aka ja waya zuwa shaguna da gidajen manyan masu saya masa gyaɗa, gida takwas. Ana kunnawa da magariba, a kashe bayan lisha. Ba wani abin awo, ƙwan fitila ake ƙirgawa, kowane ƙwai da kuɗinsa a wata. To ka san ɗan Adam. Wasu suka fara ƙara ƙwai a cikin gida ba su faɗa ba, inji ya riƙa nishi yana mutuwa, Bature ya fusata ya ce a bi a ƙirga. Matsalar ita ce komin kamfani, wato malamin da ke rubuta musu takardu, namiji ne, baƙo kuma, mutumin Dahome, Mushe Antuwan. Iyakarsa zaure. Wa zai bar ƙato ya shiga wurin matansa don ƙirga fitila? Shi ne rannan na kai wa matarsa mai, ya tsayar da ni da Hausarsa mai karyayyar ƙafa.

"Madam Habsu, kai kana shiga gida duka?"

Na ce, "Ke ake cewa, Mushe. Ina shiga."

"Ke ka iya ƙirga?"

"Na iya ƙirga kuɗina, har na gane in matarka ta rage mini."

Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce na samu aiki. Ƙarshen kowane wata in zaga gidajen nan takwas da rana, in duba ɗaki ɗaki, in kawo masa adadi, a ba ni 'yan daloli. Tun da ban san baƙi ba, da gyaɗa nake yi. Kowane ƙwai ƙwayar gyaɗa ɗaya, kowane gida ƙulli ɗaya a bakin zanena, in jera su yadda gidajen suke a jere. In na je sai in kwance a kan teburinsa, ya ƙirga ya rubuta. Abin da na kawo shi ne gaskiya, ba mai sake dubawa. Gidan Barira kullum gyaɗa uku ne: shago, zaure, ɗakinta.

A shekarar Barira ta yi haihuwa ta biyu, Inna ta tafi yi mata wankan jego. Na raka ta da kaina, na ɗaukar mata ƙunshinta. Aka yi suna, aka yi arba'in, Inna shiru. Na share ɗakinta na yayyafa ruwa, na sake wa gadonta tabarma. Sati ɗaya, biyu, uku. Da magariba hannuna ya riƙa kai wa kwalbar mai da kansa, sai in tuna ba mai kaɗi a ɗakin. Maƙwabta suka fara yi mini tsiya, wai tsohuwa ta ga wuri mai maiƙo. Ina dariya da su, amma dariyar baki ce kawai.

Ran ƙirga na shiga gidan da hantsi. Barira ta tare ni da murna, jinjiri a kafaɗa, ta ja hannuna zuwa ɗakinta ta nuna mini sama. Maimakon ƙwai ɗaya sai na ga biyu a rataye, kusa da juna.

Ta ce, "Yaya, kin ga tagwayenmu? Wannan mai baƙar waya na kamfani ne, wannan mai jar waya namu ne."

"Naku kamar yaya?"

Ta rage murya. Ashe Alhaji ya gaji da mutuwar babban inji, ana tsakar ciniki wuta ta ɗauke, ya sayo wani ɗan ƙaramin inji a Kano. Wani mai raƙuma mutumin Dawce ne ya shigo masa da shi ta bayan gari cikin buhunan gishiri, bai bi ta wurin 'yan duwan masu karɓar kuɗin kan iyaka ba. Aka haƙa masa rami a wani ɗaki can ƙuryar gida aka ajiye. Wayarsa dabam, ƙwayayensa dabam, ba inda ya taɓa ta kamfani. In babban ya mutu a tada ƙaramin. Shago ƙwai biyu, zaure biyu, ɗakinta biyu.

Ta ce, "Ke dai uku za ki kai kamar kullum. Kada maganar injin nan ta fita, Yaya. Alhaji ya ce in 'yan duwan suka ji, raƙuman mutumin nan za su kama, shi kuma su ɗaure shi."

Na ce, "Na ji. Ina Inna?"

Ta kai ni wani ɗaki da aka shafe da farar ƙasa. Inna na zaune a kan sabuwar tabarma, ga taskira cike da zare fari tas, wanda a gidana sai ta yi wata biyu ba ta kaɗa kamarsa ba. Na ɗaga kai. Ƙwai ɗaya a saman kanta, da jar waya. Barira ta ce wannan ba shi da tagwai, Alhaji ne ya sa mata musamman. Kullum da magariba, ko babban inji na aiki, sai ya tada ƙaramin ya ƙona fetur don surukarsa ita kaɗai ta ga zarenta. Na durƙusa na gaishe ta.

Na ce, "Inna, arba'in ta wuce da sati uku."

"Ina sane. Idona ne ba ya gani, ba lissafi ne ya ɓace mini ba."

"Ɗakinki na can na gyara."

"Bar shi ya huta." Ta juya wajen Barira tana murmushi. "Bariratu, gaya mata, shekaranjiya har hancin yaron nan na gani, na ubanku ne sak." Sannan ta shafa zarenta ta ce, ba ma da ni take ba, da bango take, "Shekara da shekaru ina kaɗi da lalube, ina cewa ido ya mutu. Ashe duhun gida ne."

Duhun gida. Shekara goma sha ɗaya ina hana kaina kuɗin mai ina zuba mata a fitila, ashe duhu take zaune a ciki. Barira ta yi dariya, ba da mugunta ba, dariyar wanda bai taɓa rasa komai ba. Ta kawo mini fura da nono a sabuwar ƙwarya, na sha, na yi wa jinjiri wasa, na ce Allah ya raya. Da na fito zaure na tsaya na zuba hannu a ƙoƙon gyaɗata. Na ɗauki uku. Na tsaya. Na ƙara uku. Na ɗauki ɗaya, babba mai jan bawo, na ce wannan ta Inna ce, na ƙulle.

Kada wani ya ce muku shaiɗan ne ya ruɗe ni ko ban san abin da zai biyo baya ba. Daga gidan Barira zuwa Gidan Kwano tafiya ce mai ɗan tsawo, sai ka ratsa kasuwa, ka wuce rijiya, ka bi ta bakin masallaci. Ko'ina ina iya kwance ƙullin in watsa wa kaji gyaɗa huɗun nan. A bakin rijiya ma har na taɓa shi. Abin da na riƙa faɗa wa kaina shi ne, ƙwai aka ce in ƙirga, ba a ce in bi waya in ga inda ta fito ba. A raina kuwa abu ɗaya nake gani, a yanke musu wuta, gidansu ya yi duhu kamar nawa, in ga abin da zai riƙe tsohuwa.

Mushe Antuwan ya kwance ƙulli na huɗu, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya cire gilashinsa.

"Alhaji Isufu? Bakwai?"

"Ga su nan a gabanka."

"Wata da ya wuce uku. Madam Habsu, ke ka tabbata? Duka waya ɗaya ne?"

Kun ji, har tambayata ya yi. Allah ya buɗe mini ƙofa a bakin baƙon nan, na sa ƙafa na rufe.

Na ce, "Ni ban san waya ba, Mushe. Mai nake sayarwa."

Ya girgiza kai ya rubuta. Bayan kwana biyu aka kai wa Alhaji takardar biya, wadda suke kira faktir. Ba kuɗin wata ɗaya suka sa ba. Suka ce tun da ba a san ranar da ya ƙara ba, zai biya na ƙwai bakwai tun daga ranar da aka ja masa waya, ga tara a kai. Kuɗin ba shi ne abin tsoro ba, Alhaji na iya biya. Abin tsoron shi ne kalmar da Bature ya sa aka rubuta a ƙasan takardar, wadda Mushe ya fassara masa a gaban mutane a shago: sata.

Washegari ina tsakar murza tunkuza sai ga Barira, ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba. Ba ta zauna ba.

"Yaya, kuskure kika yi ko?"

Ban ɗago ba. Na ce, "Nawa ne a rataye?"

"Ai na nuna miki! Na ce miki jar waya tamu ce!"

"Na ce nawa ne a rataye?"

"Bakwai, amma..."

"To me na ƙara?"

Ta durƙusa ta riƙe bakin turmin. Ta ce gobe Bature zai kira ni ya tambaye ni a gaban Alhaji. In ce na kamfani uku ne, gyaɗar wani gida ce ta haɗu da tasu, shi ke nan magana ta mutu, ba wanda zai ji zancen inji. Na ce in na ce na yi kuskure za a kore ni daga aikin, wa zai ciyar mini da yara, ubansu na Kano? Ta ce Alhaji zai riƙa ba ni ninkin abin da ake ba ni. Wannan magana ta ƙara hura ni, wai ni za a saya.

Na ce, "Ku riƙe kuɗinku. Ki maido mini uwata."

Ta saki turmin ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba.

"Inna akuya ce da zan jawo ta da igiya? Yaya, don wannan ne? Don tsohuwa ta ga haske?"

"Ke kin san nawa ne kwalbar mai?"

"Ki zo ki zauna da mu mana! Ki kawo yaran, ɗaki na nan!"

"In zo in zama 'yar cin arziki a gidan ƙanwata, a riƙa kirana waccan a ƙarƙashin fitilarku? Tashi ki ba ni wuri, maina zai huce."

Ta tashi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ni ban taɓa roƙon ta fi sona ba, Yaya." Na san gaskiya ta faɗa. Na sunkuya na ci gaba da murzata.

Aka kira ni barandar Gidan Kwano da safe. Bature na zaune, jan wuya kamar zakara, Mushe na tsaye yana fassara, manoma da masu dako sun cika bakin sikeli suna kallo. Alhaji na gefe da farar riga. Da ya gan ni, wallahi, sai da ya zame takalminsa ya ce, "Yaya, an kwana lafiya?" Na ce lafiya. Bature ya yi magana, Mushe ya juya.

"Ya ce nawa ke ka gani?"

"Bakwai."

"Ya ce duka suna kamawa?"

"Duka suna kamawa."

Bature ya juya ga Alhaji ya ce to me zai ce. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da wanke kansa, ya ce ina da injina, ku zo ku gani. Amma in ya faɗa, kafin azahar labari ya kai wa 'yan duwan, mai raƙuman Dawce da ya yi masa alheri ya rasa dabbobinsa ya shiga gidan kaso, ga iyali. Bai dube ni ba, don bai saba ba. Sannan ya ce,

"Ku gaya masa zan biya."

Ku lura da kyau, ban yi ƙarya ko ɗaya ba a wurin nan. Bakwai na gani, duka kuma suna kamawa. Shekaru na yi ina lulluɓa da wannan kamar bargo. Da na tsufa na gane, mai ƙarya ma ya fi ni, don shi in ya tuba ya san kalmar da zai janye. Ni ba ni da abin janyewa, sai abin da na ƙi faɗa.

Ran kasuwa suka zo da tsani suka yanke wayar a gaban jama'a, suka naɗe ta suka tafi. Wannan ni na so. Abin da ban lissafa ba shi ne sauran. Bature ya ce wanda ya saci wuta zai saci gyaɗa, ya karɓe kuɗin sayen da ke hannun Alhaji ana tsakiyar kaka. Manoman Yauri da na Kance da suka saba kawo masa suka juya jakunansu zuwa wasu shagunan. Masu zama a zaurensa shan shayi suka ragu, suka ƙare. Ƙaramin injin ma bai ƙara tada shi ba, don yanzu in aka ga haske a gidan da aka yanke wa waya, sai a tambaya. Ya cika ramin da ƙasa da injin a ciki. Kafin damina ubansa ya aiko ya dawo gida. Na ji an ce shekara uku yana zaman shagon wansa kamar yaron gida kafin a sake ba shi jari. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da na yi masa ba. Da Mato ya dawo daga Kano ya ji labari a bakin masallaci, ya shigo yana cewa, "Ashe haka mijin ƙanwarki yake? Mutum sai Allah." Na ce masa tuwo na hucewa.

Ni kuwa aikina bai taɓu ba. Mushe ma ƙara mini ya yi, wai ni mai gaskiya ce da ba ta rufa wa ko danginta ba. Matan sauran gidajen suka shiga tsorona, ina shiga ana shimfiɗa mini tabarma, ana sayen maina ko ba a bukata. Shekarar ban taɓa samun ciniki kamarta ba. Na ci, na sha, na yi wa yara sutura da kuɗin. Ba zan ce muku ya tsaya mini a wuya ba, ya wuce sumul. Barira kuma daga ranar turmin nan ba mu ƙara zama mu biyu ba. In an yi rasuwa ko biki mu haɗu, ta ce Yaya ina wuni, in ce lafiya, kamar waɗanda suka taɓa haɗuwa a mota. Kun sha tambayata me ya sa ba a kai ku hutu Damagaram kamar yaran mutane, ina ce muku kuɗin mota. Barira ta riga ni gidan gaskiya, ban nemi gafararta ba, ina ta cewa sai an haɗu a bikin gaba.

Saura in gaya muku ranar da suka tashi. Da sassafe kamiyon gyaɗa, babbar motar kaya, ya tsaya a ƙofar gidansu ana loda kaya. Ban je ba. Ina tsakar gida ina suyar gyaɗa, kunnena na waje. Kowa ya san Barira ta yi kwana uku tana kuka tana roƙon Inna ta bi su, Alhaji ma ya ce a Damagaram zai kai ta wurin likitan ido. Na riga na sallama, na ce na yi biyu babu. Na ji motar ta tashi, ƙararta ta yi nisa. Can sai na ji ƙwas, ƙwas, sanda a bakin ƙofa. Inna ce, ita kaɗai, ƙunshinta a ka, mazari a soke a ciki, tana laluben danga da hannu.

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya kama ni. Na bar gyaɗa a wuta na ruga na karɓi ƙunshin. Na ce a raina, ga shi nan, da aka zo zaɓe ni ta zaɓa. Na kai ta ɗakinta, na kawo ruwa, na kawo fura, ina ta zuba kamar 'yar yarinya, ga tabarma sabuwa, ga audugar da na saya na ajiye mata, yau ma zan sa lagwani biyu a fitila. Ta sha ruwa ta ajiye ƙwaryar. Na kasa haƙuri.

Na ce, "Inna, na ɗauka za ki bi su."

"Na so."

"To me ya hana?"

Ta juyo da idanun nan nata masu hazo ta saita su daidai fuskata, kamar tana ganina sarai.

Ta ce, "Wadda ta kashe gidan ƙanwarta don na yi wata biyu a can, in na tafi gaba ɗaya ban san abin da za ta kashe ba. Akwai yara a gidan nan. Na zo in zauna kusa da su."

Ta jawo taskirarta ta fara laluben bakin zare. Ina durƙushe a wurin har ƙaurin gyaɗar da na bari a wuta ya cika gidan.

Damina huɗu ta yi a ɗakin nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Ni na yi mata wanka, ni na yi mata wanki, ni na rufe mata ido. Duk wanda ya shigo sai ya ce Habsu ta gama da duniya lafiya, uwarta ta zaɓi ta mutu a hannunta. Ku kuma kuna tuna kakarku da ba ta barin ku ku matsa daga gindinta, in na ɗaga murya a kanku ta buga sanda a ƙasa. Kuna cewa so ne. So ne. Amma gadi take yi, kuma ni ake gadi.